Abubuwan da ya kamata ka sani: yadda ake tarbar katsewar shiri wajen gwajin kwamfutar kwaikwayo

Ana gane nagartar manhaja ta fuska biyu: abin da take yi idan aka ba ta umarni mai kyau, da abin da take yi idan aka ba ta umarnin da bai halatta ba. Fuska ta farko kowa yana dubawa, domin ita ce ke bayyana a kan allo. Ta biyu kuwa a ɓoye take, kuma ta nan ne manyan ɓarna suka fi samun ƙofa. Wannan bayani ya shafi wani ɗan lungu na aikin injiniyoyin kwamfuta wanda, duk da ƙanƙantarsa, amanar jama'a da yawa ta rataya a wuyansa. Lungun shi ne yadda manhajar gwaji ke sa kwamfutar kwaikwayo ta yi laifi da gangan, ta tarbi hukuncin da ya biyo baya, ta tantance shi, sannan ta ci gaba da aikinta.

## Mece ce kwamfutar kwaikwayo, kuma ina ruwan mutumin Boɗinga da ita?

Kwamfutar kwaikwayo ba ta da gangar jiki ta kanta. Manhaja ce ke ƙaga ta a cikin wata kwamfutar ta gaske, ta yanka mata rabo daga furosesa da ma'adanar aiki da faifai, har babbar manhaja irin Linux ko Windows ta zauna a ciki tana ganin injin nata ne ita kaɗai. Masu wannan sana'a suna kiran ta cikin baƙo, manhajar da ke kula da baƙin kuma mai masauki. Inji guda yana iya ɗaukar baƙi masu yawa waɗanda ba su san juna ba.

Dabarar ta daɗe. Kamfanin IBM ya fito da jerin manyan kwamfutocinsa na System/360 a 1964. A 1967 injiniyoyinsa da ke Cambridge ta jihar Massachusetts a Amurka suka tayar da CP-40, wadda ta raba inji guda zuwa kwamfutocin kwaikwayo da dama. CP-67 ta biyo baya, sai VM/370 a 1972. Ƙananan kwamfutoci sun daɗe kafin su kamo: an kafa VMware a 1998, Xen ta fito daga Jami'ar Cambridge ta Ingila a 2003, Intel ta sa tallafin kwaikwayo a cikin furosesarta a 2005, AMD a 2006. A farkon 2007 manhajar masauki mai suna KVM, wadda Avi Kivity ya fara rubutawa a kamfanin Qumranet, ta shiga cikin Linux, kuma a 2008 aka faɗaɗa ta zuwa manyan injinan IBM.

Mai POS a kasuwar Boɗinga, da ɗalibar da ke duba sakamakon jarrabawa a waya daga Shagari, da malamin makarantar da ke jiran alat ɗin albashi, dukkansu saƙonninsu suna ƙarewa ne a manyan ɗakunan ajiyar kwamfutoci, inda yawancin irin waɗannan ayyuka a yau ke gudana cikin kwamfutocin kwaikwayo. Google ta gina hidimar hayar kwamfutocinta a kan KVM, Amazon ma tun 2017 sabon tsarinta mai suna Nitro ya samo tushe daga KVM. A irin waɗannan wurare, aikin banki da na asibiti da na wani mai mugun nufi da ya biya kuɗin haya suna iya haɗuwa a inji guda. Abin da ya raba su shi ne mai masauki, da kuma yadda yake hukunta baƙon da ya ƙetare iyaka.

## Mece ce katsewar shiri?

Furosesa tana bin umarni ne ɗaya bayan ɗaya. Katsewa ita ce lokacin da wani abu ya tilasta mata dakatar da shirin da take gudanarwa, ta koma kan wani shiri na musamman da aka tanada don wannan hali. A manyan injinan IBM katsewa iri shida ce: ta shige da ficen bayanai, ta waje kamar ƙarewar lokacin agogo, ta kiran babbar manhaja, ta lalacewar injin kansa, ta sake tayarwa, sai kuma ta shiri.

Katsewar shiri ta bambanta da mafi yawan sauran da abu guda: daga cikin umarnin da ake aiwatarwa take tasowa. Ba faifai ne ya gama aiki ba, ba agogo ne ya buga ba. Shirin ne da kansa ya nemi abin da ba zai yiwu ba, ko abin da ba shi da izini. Kowane irin laifi yana da lambarsa a littafin ƙa'idojin injin, wanda IBM ke kira Principles of Operation. Lamba 1 ta umarnin da injin bai san shi ba ce. Lamba 2 ta ƙaramin shiri ce da ya taɓa umarnin da aka keɓe wa babbar manhaja. Lamba 4 ta taɓa wurin da aka kare, lamba 5 ta neman adireshin da babu shi a ma'adana, lamba 6 ta saɓa sharaɗin da aka gindaya wa umarni, lamba 9 ta rabawa da sifili ko rabon da sakamakonsa ya fi ƙarfin mazubi, lamba 17 kuma ta neman shafin ma'adana da ba ya nan.

Sauran furosesoci ma suna da irin wannan tsari, da nasu lambobin. A kwamfutocin Intel da AMD rabawa da sifili lamba 0 ce, umarnin da ba a sani ba 6, keta kariya 13, rashin shafi 14. Furosesar ARM da ke cikin wayar hannu tana rubuta dalilin laifin a wata rijista ta musamman, wato ƙaramin mazubi a cikin furosesar. Sunaye ne suka bambanta, aikin ɗaya ne.

## Me ke faruwa a daidai lokacin katsewar?

Injin IBM yana riƙe da wani ɗan taƙaitaccen bayani mai suna PSW, mai tsawon bayit 16 a injinan zamani. A ciki akwai adireshin umarni na gaba, da alamar ko shirin yana matsayin babbar manhaja ne ko na ƙaramin shiri, da irin katsewar da aka yarda ta shigo. Wanda ya san PSW ya san inda injin yake da kuma ikon da yake da shi a wannan lokaci.

Da zarar laifi ya auku, injin da kansa yana yin abu uku, babu hannun wata manhaja. Yana ajiye PSW ɗin da ake kai a wani sanannen wuri a farkon ma'adana, adireshi na 336. Yana rubuta lambar laifin a adireshi na 142, tare da tsawon umarnin da ya jawo shi a gefenta. Sannan ya ɗauko sabon PSW daga adireshi na 464 ya bi shi. Wannan yanki na farkon ma'adana, mai girman kilobayit 8, kowace furosesa tana da nata.

Ke nan duk inda sabon PSW ya nuna, can injin zai dira. Idan an tanadi shiri mai tarba a wurin, zai karɓi ragama. Idan ba a tanada ba, injin zai faɗa cikin duk abin da ya tarar, ya ɗauke shi a matsayin umarni. Babbar manhaja irin Linux tana zuwa da nata mai tarba cikakke. Manhajar gwaji kuwa tsirara take hawa injin, babu wata babbar manhaja a ƙarƙashinta, don haka dole ta gina nata tun kafin ta fara komai.

## Ina nauyin mai masauki yake a nan?

A 1974 Gerald Popek da Robert Goldberg suka wallafa sharuɗɗan da inji zai cika kafin a iya kwaikwayonsa da kyau. Jigon maganarsu shi ne: duk umarnin da zai iya taɓa ragamar injin, dole ya zama irin wanda ke jawo katsewa idan wanda ba shi da iko ya yi amfani da shi. Ta haka mai masauki zai bar baƙo ya yi gudu kai tsaye a kan furosesa, sai ya zo kan umarni mai haɗari a tsayar da shi, mai masauki ya aiwatar a madadinsa, ya mayar masa da sakamako. A injinan IBM akwai umarni mai suna SIE da ke shigar da furosesa cikin yanayin baƙo, kuma ta wannan ƙofa take fitowa idan baƙon ya zo kan abin da sai mai masauki.

A nan wahalar take. Idan mai masauki ya karɓi umarni zai aiwatar a madadin baƙo, bai isa ya iya aikin umarnin kawai ba. Dole ya iya ƙin umarnin a duk inda injin gaske zai ƙi shi, da lambar da injin gaske zai bayar, ya bar PSW a inda injin gaske zai bar shi. Idan laifi biyu suka haɗu a umarni guda, littafin ƙa'idoji ya tsara wanda ke gaba, mai masauki ma dole ya bi wannan jeri. Bayan ya yanke hukunci, shi ne zai cusa wa baƙon katsewar da hannunsa: ya ajiye tsohon PSW, ya rubuta lamba, ya ɗora sabo. Duk wannan rubutun ɗan Adam ne, kuma ɗan Adam ajizi ne. Manhajar QEMU, wadda Fabrice Bellard ya fara a 2003, nauyinta ya ma fi haka idan tana kwaikwayon injin gaba ɗaya ba tare da taimakon furosesar ba, domin a lokacin kowane umarni da kowane laifi a hannunta yake.

## Me ya sa mai gwaji ke yin laifi da gangan?

Bakaniken da ya gyara motar haya a tashar Boɗinga ba ya gamsuwa don inji ya tashi kuma mota ta yi gudu. Kafin ya bar direba ya ɗebi fasinja ya hau titin Sakkwato zuwa Jega, sai ya taka birki da ƙarfi a fili, inda ya san babu wanda zai ji ciwo, ya ga ko mota ta tsaya, kuma ta tsaya a miƙe. Gwajin katsewar shiri taka birki ne a inda aka shirya masa.

Don wannan aiki masu KVM suna da tarin gwaje-gwaje mai suna kvm-unit-tests. Kowane gwaji ɗan ƙaramin baƙo ne mai aiki guda, wanda ake tayarwa a kwamfutar kwaikwayo ya yi abin da aka sa shi, ya buga sakamako, ya mutu. A 2017 aka ƙara masa sashen injinan IBM. Akwai kuma wani tarin a cikin Linux kanta, wanda ke gwada KVM daga ɓangaren mai masauki. A duka biyun, ba a yi nisa ba aka ga cewa gwajin da ba ya iya tsira daga laifi rabin gwaji ne: yana iya tabbatar da abin da aka yarda, ba ya iya tabbatar da abin da aka hana.

## Waɗanne matakai ake bi?

Matakin farko shi ne kafa mai tarba. Tun a layukan farko na tashin baƙo ake rubuta sabon PSW a mazauninsa, yana nuna wani ɗan guntun shiri da aka rubuta da harshen injin kai tsaye.

Na biyu shi ne sanarwa. Kafin gwaji ya aikata laifin, yana kiran wani ɗan aiki mai suna expect_pgm_int, wanda ke ɗaga tutar cewa ana jiran katsewa, ya kuma share tsohuwar lambar da ta rage daga gwajin baya. Sharewar nan ba ado ba ce. Idan ba a yi ta ba, gwaji yana iya karanta lambar laifin da ya wuce ya ce ya ci nasara, alhali babu katsewar da ta auku.

Na uku shi ne adana hali. Da katsewa ta zo, guntun shirin nan yana kwashe rijistoci 16 na gama-gari da sauran abin da ya kamata, ya ajiye su kafin ya taɓa komai. Shi injin, PSW kawai ya adana. Idan mai tarba ya ɓata rijista ɗaya bai mayar ba, gwajin zai koma ya ci gaba da lissafi da gurɓatacciyar lamba, kuma laifin zai bayyana can gaba a inda babu mai zarginsa.

Na huɗu shi ne hukunci. Mai tarba yana duba tuta. Idan an ɗaga ta, sai ya sauke, ya gyara abin da ke buƙatar gyara, ya mayar da rijistoci, ya ɗora tsohon PSW, gwaji ya ci gaba. Idan ba a ɗaga ba, to wannan katsewa ce da babu wanda ya gayyace ta. Sai ya buga lambar laifin da adireshin da ya auku da abin da ke cikin rijistoci, ya tsayar da gwajin baki ɗaya. Wannan tsauri shi ne ƙashin bayan tsarin. Mai tarbar da ke haɗiye kowace katsewa ya yi shiru ya fi rashinsa illa, domin yana rufa wa aibi asiri.

Na biyar shi ne tantancewa. Gwajin yana kiran check_pgm_int_code tare da lambar da yake tsammani. Ba a wadatuwa da cewa an samu katsewa. Sai lambar ta zo daidai. Idan ana jiran 6 aka samu 5, gwaji ya faɗi. Idan ba a samu komai ba, ya faɗi.

## Misali guda daga farko zuwa ƙarshe

Ɗauki umarnin STIDP, wanda ke rubuta lambar shaidar furosesa, mai bayit 8, a adireshin da aka ba shi. Baƙo ba ya ganin shaidar injin gaske sai wadda mai masauki ya tanadar masa, don haka KVM ce ke aiwatar da shi. Gwaji mai kyau zai zo wa wannan umarni ta hanya huɗu.

Zai ba shi adireshi mai kyau, ya duba an rubuta wani abu. Zai ba shi adireshin da ba ya rabuwa da 8, domin ƙa'ida ta ce dole ya rabu, ya jira lamba 6. Zai ba shi adireshin da ya zarce iyakar ma'adana, ya jira lamba 5. Sannan zai sauke kansa zuwa matsayin ƙaramin shiri, ya kira umarnin, ya jira lamba 2. Hanya ɗaya ce ta yarda, uku na ƙi. Mai zurfafawa zai ƙara ta biyar, ya haɗa laifi biyu: ƙaramin shiri da karkataccen adireshi. A nan lamba 2 ce ya kamata ta fito, domin rashin izini yana gaban karkatar adireshi a jerin fifiko. Zai kuma duba cewa a duk inda aka ƙi umarnin, ba a rubuta ko bayit ɗaya a ma'adana ba.

Hanya ta huɗu tana da wata sarƙaƙiya. Tsohon PSW da injin ya ajiye yana ɗauke da alamar ƙaramin shiri. Idan aka ɗora shi yadda yake, gwajin zai koma ba shi da iko, kuma umarni na gaba mai buƙatar iko zai jawo wata katsewar da ba a sanar ba. Shi ya sa mai tarba ke goge alamar idan ya ga lamba 2, ya mayar da gwajin matsayinsa na asali.

## Bayan katsewa, ina ake komawa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kayar da sababbin shiga. Littafin IBM ya kasa ƙarshen umarnin da ya yi laifi gida huɗu. Akwai wanda ake kammalawa sannan a kai ƙara, kamar tarawar da sakamakonta ya cika ya tumbatsa. Akwai wanda ake dannewa, bai canza komai ba amma an wuce shi. Akwai wanda ake yankewa a tsakiya. A waɗannan uku, tsohon PSW yana nuna umarni na gaba, komawa ba ta da wuya. Na huɗu shi ne wanda ake sokewa kamar ba a taɓa fara shi ba, kuma PSW yana nuna shi kansa umarnin.

Sokewa rahama ce ga babbar manhaja. Idan shiri ya nemi shafin da ba ya cikin ma'adana, sai ta ɗauko shi daga faifai, ta koma, umarnin ya sake gwadawa ya yi nasara, shirin bai ma san an yi ba. Amma ga gwajin da ya cire shafin da gangan, komawa kan umarnin na nufin sake laifin. Dole mai tarba ya san waɗanne lambobi ne na sokewa, ya ƙara tsawon umarnin a kan adireshin don a tsallake shi. A injin IBM umarni bayit 2 ne ko 4 ko 6, kuma injin yana faɗin tsawon, don haka lissafin mai sauƙi ne. Idan kuma aka yi ƙarin a inda bai kamata ba, an tsallake umarni mai lafiya, ko an dira a tsakiyar wani.

A ARM mai bit 64 kowane umarni bayit 4 ne, sai a ƙara 4 kawai. A Intel da AMD umarni yana kaiwa daga bayit 1 har 15, kuma mai tarba ba ya samun tsawon a shirye. Don haka masu gwaji a can sukan rubuta wurin komawa tun da wuri: idan wannan umarni ya yi laifi, a ci gaba daga wancan wuri.

## Waɗanne tarkuna ne suka fi kama mutane?

Na farko shi ne zagayen da ba ya ƙarewa. Idan sabon PSW ɗin kansa gurɓatacce ne, ko umarnin farko na mai tarba laifi ne, katsewa za ta haifi katsewa, ita ma ta haifi wata, injin ya yi ta juyi wuri guda. KVM da QEMU suna da hanyar gano wasu nau'o'in wannan zagaye a baƙon IBM, su tsayar da shi su bayyana dalili. A Intel da AMD laifi a kan laifi yana iya zama laifi mai ninki biyu, lamba 8, idan shi ma ya kasa tarbuwa sai furosesa ta rufe kanta.

Na biyu shi ne manhajar da ke juya rubutun harshen shirye-shirye na C zuwa harshen inji. Aikinta ta sa shiri ya yi sauri, kuma ƙa'idar C ba ta ɗaure ta da komai ba game da rabawa da sifili. Tana iya cire layin gaba ɗaya, ko ta matsar da shi gaban sanarwa. Shi ya sa ake rubuta umarnin laifi da harshen inji kai tsaye, a kuma kafa mata shinge kada ta sauya jerin abubuwa.

Na uku shi ne furosesa fiye da ɗaya. Idan tutar jira guda ce ga kowa, furosesa ta farko tana iya ɗaga ta, ta biyu ta yi laifi na gaske ta cinye tutar. Laifin gaske ya wuce a ɓoye, na gangan kuma ya zama abin tuhuma. Maganin shi ne kowace furosesa ta riƙe tutarta da wurin ajiyarta.

Na huɗu shi ne mai tarba mai yawan aiki. Duk abin da ya yi a cikin katsewa yana iya jawo wata, ta rubuta a kan tsohon PSW na farko, hanyar komawa ta ɓace. Gajeren mai tarba, wanda ke kwafe abin da yake buƙata da wuri, shi ne mai aminci.

## Sakaci a wannan fanni ya taɓa jawo ɓarna?

Ya jawo, ba sau ɗaya ba. A watan Yuni na 2012 aka bayyana wani aibi da Rafal Wojtczuk ya gano game da umarnin SYSRET. Idan aka ba shi adireshi marar kyau, furosesar Intel tana tayar da katsewa tun tana matsayin babbar manhaja, ta AMD kuwa sai bayan ta sauka. Manhajojin da aka rubuta bisa halin AMD suka zama a buɗe a kan Intel. Abin ya shafi Xen da FreeBSD da Windows 7, kuma a Xen wani nau'in baƙo yana iya bi ta nan ya ƙwace ikon mai masauki.

A watan Nuwamba na 2015 aka bayyana cewa baƙo a kan Intel ko AMD yana iya shirya wa kansa zagayen katsewa marar ƙarewa wanda ke juyawa a cikin furosesa ba tare da ya taɓa fitowa wurin mai masauki ba. Furosesar gaske sai ta maƙale, sauran baƙin da ke jiran ta su cutu. KVM da Xen da Hyper-V ta Microsoft duk sai da suka yi gyara, ta hanyar tilasta wa waɗannan katsewa su riƙa biyowa ta hannun mai masauki.

A watan Mayu na 2018 kuma Nick Peterson da Nemanja Mulasmajic suka nuna cewa umarnin MOV SS da POP SS suna jinkirta wata katsewa da umarni guda, har ta iya sauka bayan an riga an shiga cikin babbar manhaja, a lokacin da ba ta shirya ba. Windows da macOS da Linux da FreeBSD da Xen duk abin ya taɓa su, domin marubutansu sun yi wa bayanin littafin Intel fahimta iri ɗaya wadda ba ta cika ba.

A duka ukun, aikin yau da kullum yana tafiya lafiya shekara da shekaru. Aibin yana kwance ne a kan tambayar yaushe katsewa ke zuwa, a wane matsayi, kuma wa ke tarbar ta. Wannan ita ce tambayar da gwajin laifi na gangan ke yi wa inji kullum.

## Ta ina ɗalibi zai fara?

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko matashin da ke koyo da kansa a Boɗinga ko Shagari, ba ya buƙatar babban injin IBM kafin ya taɓa wannan aiki. QEMU tana kwaikwayon injin a kan laftof ta yau da kullum mai Linux, kuma kvm-unit-tests kyauta ce, rubutunta a buɗe yake ga kowa. Gwaje-gwajen ƙanana ne, da yawansu suna ƙarewa cikin daƙiƙoƙi, kuma da zarar an sauke kayan aikin ba a buƙatar intanet. Abin da ake buƙata shi ne sanin C, da ɗan haƙurin karanta harshen inji, da karanta babin katsewa na littafin ƙa'idoji a tsanake.

Hanya mafi koyarwa ita ce ka ɓata abin da ke aiki, ka ga yadda yake faɗuwa. Ɗauki gwaji guda da ke cin nasara. Cire layin sanarwa, ka ga yadda mai tarba ke tsayar da komai ya zayyana maka rijistoci. Mayar da shi, ka canza lambar da ake jira daga 6 zuwa 5, ka ga gwajin ya faɗi duk da cewa katsewa ta zo. Sannan ka je cikin mai tarba ka cire ƙarin tsawon umarni, ka gwada laifin rashin shafi, ka ga yadda umarni guda ke sake dawowa ya yi laifi karo na biyu.

Wanda ya ga waɗannan faɗuwa uku da idonsa ya samu ɗabi'ar da za ta yi masa amfani ko da bai sake taɓa injin IBM ba. Idan gobe aka ba shi rubuta manhajar biyan kuɗi ko ta rajistar marasa lafiya, zai rubuta gwajin abin da aka yarda, sannan ya zauna ya jera duk abin da ya kamata a ƙi: kuɗin da ya fi abin da ke asusu, mai shiga ba da izini ba, lambar da ba ta cika ba. Zai faɗi amsar da yake jira kafin ya gwada, zai ƙi karɓar amsar da ta yi kusa amma ba ita ba, kuma ba zai bar wani kuskure ya wuce a shiru ba.